Allurar da Ban Yi Ba

Har yanzu idan na ji warin alkol, wanda ake goge fata da shi kafin allura, sai in nemi wurin zama. A da kuwa ba warin da nake so kamarsa. Nakan ɗiga shi a auduga in ɓoye cikin jakar makaranta, in riƙa shinshinawa a aji, 'yan ajinmu suna dariya suna cewa aljanun likita sun kama ni.

Tun ina kolej a nan Dakoro na san abin da nake so in zama: ma'aikaciyar jinya, infirmiye mai diplom na gwamnati. Da na shiga lise, babbar sakandare, sai na zaɓi seri D, ɓangaren kimiyya, duk da lissafi yana ba ni wuya, saboda an ce mini nan ce hanyar. Mushen da ke koya mana ilimin halittu ya ce in na ci bak, jarrabawar gama lise, in na kuma ci konkur, jarrabawar shiga makarantar jinya, shi ke nan na kama hanya. Na zana zuciya da huhu da ƙoda na manna a bangon ɗakinmu, har Inna ta ce na mai da mata ɗaki mahauta.

Wadda ta sa mini wannan sha'awa ƙanwar Inna ce, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda duk muke kira Tanti. Infirmiye ce a wani ƙaramin gidan likita a gefen gari, ba zan faɗi wanne ba. Doguwa ce, mai saurin tafiya, kullum da almakashi a aljihun farar rigarta. Tana da bakin wasa. Tsoho zai shigo yana nishi kamar ransa zai fita, kafin ya tashi tafiya ta sa shi dariya. Ita ta karɓi haihuwar ƙannena duka. Idan ta shigo gidanmu nakan riga kowa karɓar jakarta, in zauna kusa da ƙafarta ina kallon hannuwanta.

A babban hutun da zan shiga tarminal, ajin ƙarshe na lise, na roƙe ta ta tafi da ni wurin aiki.

"Ke da kike gudu in ana yanka kaza?" in ji ta.

"Tanti, kaza daban, mutum daban."

"Haka ne, mutum ya fi kaza ihu. To ki shirya da sassafe, ba na jiran kowa."

Ta yi wa majo magana, wato shugaban gidan likitan, ya ce ba laifi in dai shara da rarraba magani ne. Ba takarda, ba komai, magana ce ta baki. Tanti ta ba ni tsohuwar farar rigarta, ta yi mini yawa sai da Inna ta kama hannuwan. Ranar da na fara sa ta na bi ta tsakiyar unguwa da gangan, maimakon lungun da ya fi kusa.

Damina ce, lokacin zazzaɓi, mutane har ƙarƙashin itacen bedin da ke tsakar gidan likitan. Na koyi auna zafin jiki, na koyi wanke miki, na koyi sa yaro a ma'auni ba tare da ya cije ni ba. Na kuma gane cewa mutanenmu ba su yarda an yi musu magani ba sai an huda su. Ka ba mutum ƙwaya, ya juya ta a tafin hannu ya dube ka kamar ka cuce shi.

"Ɗiyata, ni ƙwaya ba ta ji na," wani tsoho ya ce wa Tanti. "Ki huda ni kawai in tahi."

"Kaka, in ba ka sha wannan ba, a goshi zan yi maka ita, kowa ya gani a kasuwa."

Allura ita ce abin da na fi ƙosawa in koya. Tanti ta fara da ni a kan guntun katifa, sannan lemo. Ta nuna mini yadda ake raba ɗuwawu gida huɗu a ido, a soka a na sama ta gefen waje, saboda akwai babbar jijiya da ke sauka ta tsakiya har zuwa ƙafa, wadda in aka taɓa ta ƙafar na iya mutuwa. Ta sa na maimaita har na gaji. Daga baya, idan majo ba ya nan, takan bar ni in yi wa manya tana tsaye a kaina. Yara kam ta ce ban kai ba. Na yi wa mata da dama, wasu har suna cewa hannuna ya fi na Tanti sanyi. Ban ɓoye ba. Na ba ƙawayena labari, na ba maƙwabta, unguwa duka ta san ina allura. Suka laƙaba mini Ƙaramar Majo.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwa ce, wajen ƙarshen hutu. Majo ya tafi taro Maradi, ungozoma tana ɗakin haihuwa, saura Tanti da ni da layin da ba ya ƙarewa. Tanti ko karyawa ba ta yi ba. Wajen azahar wata Bafillatana ta shigo da yaro a baya, ɗan shekara huɗu ko kusa da haka. Ba za ta girme ni da yawa ba. Daga wata ruga suke ta wajen Bader Goula, mijinta ya wuce kara, kasuwar dabbobi, da shanu, ita ya sauke ta nan. Ta kwance yaron ta ajiye a tabarma, sannan ta koma can gefe ta zauna kamar ba tare suke ba. Jikinsa kamar garwashi, yana ta amai.

Tanti ta leƙo ta ce, "Ɗan wa ne wannan?"

Matar ta sunkuyar da kai.

"Ke nake tambaya, amarya. Ko a hanya kika tsince shi?"

"Na gidanmu ne," ta ce, can ƙasa-ƙasa.

"Sunansa fa?"

Ta ja gefen mayafi ta rufe baki. Matan da ke zaune suka sa dariya, wata ta ce, "Haba likita, ɗan fari ne, ba ki ga alama ba?"

Ba wanda ya yi mamaki. Mu ma haka muke, Inna har yau ba ta taɓa kiran sunan yayanmu ba. Amma kunyar ɗan fari a wurin Filani ta fi tamu nauyi. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta rarrashinsa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi ko da zuciyarta na ƙuna. Kakarsa ce ke riƙonsa, ranar nan ne dai ba ta iya tahowa ba. Saboda haka da Tanti ta ce a shigo da shi, uwar ba ta motsa ba. Ta juya ta fuskanci katanga, ta ba ƙofa baya. Ni na sunkuya na ɗauke shi.

Daga ni sai Tanti sai yaron a cikin ɗakin allurar, ƙofa a rufe. Gadon da ake kwantar da mutane akwai katon, wato kwalin magani, a kai da aka kawo da safe ba a kwashe ba. Tanti ta ce in kifa shi a cinyata in riƙe. Na riƙe kafaɗunsa da hannu ɗaya, ƙafafunsa da ɗayan. Ta zuƙi maganin, ta goge wurin, wani yana buga ƙofa yana cewa matarsa ta suma. Ta ce tana zuwa, ta soka. Na ga inda allurar ta shiga. Ba sama ba ne. Ƙasa ne, kusa da tsakiya. Na ce a raina ƙila a jikin yara haka ake yi, ai ita ta sani.

Kukan yaron ya canza. Ban taɓa jin irinsa ba, kuma ba na fatan in sake ji. Ƙafarsa ta dama ta miƙe tsam a hannuna, sannan ta saki.

Tanti ta tsaya da allurar a hannu. Ta dube ni, na dube ta.

"Allura ce, dole ya yi kuka," ta ce. "Mai da shi wurin uwarsa."

Na fito da shi a kafaɗa, da farar rigata, na kai shi har inda take. Na ba ta ƙwayoyin da zai sha, na nuna mata da yatsu na safe da na yamma. Ta goya shi ba tare da ta dubi fuskarsa ba. Ta ce mini, "Allah shi biya, likita." Na ji daɗin sunan, ban gyara mata ba.

Aka koma makaranta. Na shiga tarminal, na fara mantawa, ko in ce na tura abin can gefe. Sai wata rana muna cikin aji mai gadin lise ya leƙo ya ce ana nemana a gidan likita, yanzu-yanzu. Na yi zaton Inna ce ba lafiya, na tafi da gudu.

A ofishin majo na same su. Majo a kujerarsa, Tanti a tsaye jikin taga, uban yaron da wani dattijo, baffansa, a kan benci, uwar a ƙasa bakin ƙofa ta rufe fuska. Yaron yana tsaye ya dafa gwiwar dattijon. Zazzaɓin ya warke. Da aka ce ya taka, sai ya ɗaga gwiwa sama-sama, tafin ƙafar dama na lilo kamar ba a jikinsa yake ba, yatsun suna jan ƙasa.

Uban ya ce, "Da ƙafa biyu na kawo shi. Ina so in san hannun da ya yi wannan."

Majo ya tambayi uwar. Ba ta ɗaga kai ba, ta ce ita ba ta shiga ba, ba ta kuma duba ba. Yarinyar nan mai farar riga ita ta ɗauke shi, ita ta maido shi, ita ta ba da magani. Iyakar abin da ta sani ke nan, kuma gaskiya ta faɗa.

Majo ya juya wurin Tanti. Ni ma na juya, hankalina kwance, ina jiran ta yi bayani yadda ta saba, da muryar nan tata da ke kwantar da kowa.

"Na haɗa allurar na ajiye," in ji Tanti. "Aka ce wata ta suma a waje, na ce da yarinyar ta jira ni. Kafin in dawo ta yi. Zumuɗin yara ne, ta ga tana yi wa manya."

Da Hausa ta faɗa don su ji, sannan ta maimaita wa majo da Faransanci. Ba ta yi in'ina ba ko sau ɗaya. Na buɗe baki, ban san me ya fito ba, ina jin "Tanti" kawai na ce. Ta taho ta kama wuyan hannuna ta matse har na ji farcenta.

"Yi shiru, a gida ma yi magana," ta raɗa mini.

Uban yaron ya ce jandarma zai je. Majo ya fara share gumi, don shi ya bar 'yar makaranta ta shiga inda bai kamata ba. Dattijon ya tambayi majo ɗiyar wa ce ni. Aka faɗa mishi. Babana dillali ne a kara, ya daɗe yana sayar wa mutanen wannan yanki shanu da raƙuma, wasu ma a zaurenmu suke sauka. Dattijon ya ce to ba maganar hukuma ba ce, maganar manya ce, uban yarinya ya same su a ruga.

A gida Inna ta kulle mu a ɗaki mu uku, ni da ita da Tanti. Kafin in gama faɗin abin da ya faru ta ɗaga mini hannu, ta ce Tanti ta riga ta faɗa mata.

"Saurara ki ji. In aka ce ita ce, aikinta ya tahi, diplom ɗinta ya tahi, ƙila har da gidan kaso. 'Ya'yanta wa zai riƙe, ga mijinta bai da lahiya? Ke kuwa yarinya ce. Wa zai ɗaure 'yar makaranta? Haƙuri za a je a ba su, shi ke nan."

"Inna, ban yi ba."

"Na ji ba ki yi ba. Ni ma ban ce kin yi ba."

Tanti ta sauko daga bakin gado ta durƙusa a gabana. Babbar mace, wadda ta yanke cibiyar ƙannena. Ta riƙe ƙafafuna tana kuka, ta ce in rufa mata asiri, ta ce kafin in gama bak an manta, kuma ita da hannunta za ta kai ni makarantar jinya, ta san mutane a can. Ban taɓa ganin hawayenta ba sai ranar. Na tsorata ƙwarai, ni ce ma nake ba ta haƙuri ina cewa ta tashi.

Na ce, "Baba ya sani?"

Inna ta ce, "Kar ki sa babanki a ciki. In ya ji, shi da ita har abada, ni kuma ina tsakiya. So kike ki raba mini gida?"

Baba bai yi mini faɗa ba. Da ma ya yi. Ya dai daina dubana idan na kai mishi ruwa, ni kuma na ɗauka kunyar abin da yake zaton na aikata ce. Wannan ya fi komai yi mini ciwo a lokacin, in ga yana ganina da laifi alhali kalma ɗaya za ta wanke ni.

Bayan an gama yankan gero muka tafi. Baba ya nemi motar wani abokinsa, muka ɗauki goro da sukari da ganyen shayi. Da ni, da Baba, da limamin unguwarmu, da Tanti. Ita ta ce za ta raka mu, ta kuma taho da man shafawa na ƙafa. Hanyar duk rairayi ce, motar na kafewa ana turawa, ni kuwa addu'a nake ta kafe gaba ɗaya. Duk tsawon hanyar hannun Tanti na kan cinyata.

Sun shimfiɗa mana tabarmi a inuwar wata ƙaya. Kafin a ce komai aka kawo nono a ƙwarya. Suka ce sai mun sha, baƙo ba ya magana da ƙishi. Na kai baki kawai na ajiye. Ardo ya zo, kakan yaron ne, da maza kamar goma, mata suna daga baya. Yaron na can wurin 'yan maruƙa da sandarsa ƙarama, yana so ya bi sauran yara, yana ɗaga gwiwa yana jan ƙafa, in ya faɗi ya tashi. Uwarsa na nesa da kowa, ta ba mu baya tana wanke ƙwarya. Wuri ɗaya take ta gogewa tun da muka zauna. Ko kukan ɗanta ba ta da ikon yi a gaban surukai.

Liman ya yi magana, Baba ya yi magana. Sannan aka ce in matso. Na durƙusa a rairayi mai zafi a gaban mutanen da ban taɓa yi wa komai ba. A mota na yi ta shirya cewa in na buɗe baki gaskiya zan faɗa, ko me zai faru ya faru. Da lokacin ya zo sai na ji muryata tana cewa, "Na yi kuskure, ku yafe ni don Allah."

Ardo ya daɗe yana jan carbi. Ya ce abin da Allah ya rubuta wa yaron ke nan, kuma ba za su kai ɗiyar mutumin da suke ba amanar dabbobinsu gaban hukuma ba. Sun yafe. Na ji Tanti ta sauke numfashi a bayana. Liman har ya ɗaga hannu zai yi Fatiha, sai wata tsohuwa ta yi magana daga cikin mata. Kakar yaron ce, wadda ke riƙonsa.

"Ku dakata, malam. Mu da ƙafa muke kiwo. Wannan yaron ba zai bi shanu ba, ba zai je mashekari ba, a gida zai zauna da tsofaffi irina. Mun yafe, tun da ardo ya ce. Amma ni ina da roƙo. Hannun nan kar ya sake taɓa ɗan kowa."

Maza suka juya suna duban Baba. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya ce, "Goggo, na ɗauka. A gabanku, a gaban Allah, ba ita ba aikin likita, muddin ina raye."

Na waiga na dubi Tanti. Ba wannan aka ce mini ba. Haƙuri aka ce za a bayar, shi ke nan. Ina jiran ta ce wani abu, ko tari ne ta yi. Tana kallon yatsun ƙafarta. Aka yi Fatiha aka shafa, ni ma na shafa. Da za mu tafi ta nuna wa tsohuwar yadda za ta riƙa murza wa yaron ƙafa da man da ta kawo, tsohuwar ta yi ta sa mata albarka, har ta ba ta man shanu a 'yar kwalba. A cinyarta ta riƙe shi har gida.

Shekarar tarminal ban san yadda na yi ta ba. Labari ya riga mu dawowa gari. A lise ba wanda ya sake ce mini Ƙaramar Majo, sai in na wuce wani ya ɗaga gwiwa yana jan ƙafa, a kwashe da dariya. Wata maƙwabciyarmu da na taɓa yi wa allura, wadda ta ce hannuna sanyi, ta fizge ɗiyarta daga hannuna a gidan suna, ta ce wai yarinyar ƙyuya gare ta. Ranar kasuwa ba na fita, tsoro nake in haɗu da mutanen rugar. In na ga mai farar hula da sanda daga nesa sai in sauya hanya. Amma ban daina karatu ba. Na ce a raina Tanti ta yi alkawari, kuma Baba bai san gaskiya ba ne. Ranar da ya sani, rantsuwar da aka yi a kan ƙarya ai ba za ta tsaya ba.

Na ci bak. Inna ta yi guɗa, aka dafa shinkafa. Da aka fara maganar konkur na je gidan Tanti, na same ta tana tsefe kan ɗiyarta. Na gaishe ta, na ce lokaci ya yi.

"Lokacin me?"

"Makarantar, Tanti. Kin ce ke za ki kai ni."

"Ke ma dai. Babanki ya yi rantsuwa a gaban mutane, ni wace ce da zan warware? Ki nemi malanta mana, ita ma aikin lada ce, ga hutu."

"Amma kin san ba ni ba ce."

Ta ci gaba da tsifa, ta tura kan yarinyar gefe, ta ce, "Ni fa na yi ta tunanin ranar nan. Riƙon da kika yi mishi ma, kin tabbata ba ki sake shi ya motsa ba? Yaro in ya motsa, ko babban likita ne allura sai ta kauce."

Ban san sanda na fito ba. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne na fara tambayar kaina ko na sake shi ɗin. Na san ban sake ba. Har yanzu ina jin ƙasusuwan kafaɗarsa a tafin hannuna. Amma ta faɗa da irin muryar da ta koya mini komai da ita, kuma na saba yarda da wannan murya.

Washegari da la'asar Baba ya dawo daga kara, ya zauna a zaure yana hura gawayin shayi. Ba kowa. Na durƙusa daga bakin ƙofa na ce ina da magana. Na faɗa mishi duka, tun daga katon ɗin da ke kan gado har durƙuson Tanti a ɗakin Inna. Ina tsayawa ina ci gaba. Na zaci zai miƙe, zai yi salati, zai aika a kira ta. Bai daina fifita ba har na gama.

"Na sani," ya ce.

Na zaci ban ji daidai ba.

"Innarki ta hwaɗa mini tun kafin mu tahi rugar."

"Baba, ka sani ka bar ni na durƙusa?"

"In aka ce ita ce, magana ta zama ta hukuma, ba mai iya tsayar da ita. In aka ce ke ce, maganar gida ce. Na zaɓi wadda zan iya kashewa."

"To rantsuwar fa?"

"Ba ni na kawo ta ba, tsohuwar ce. Ban san za ta ce haka ba. Amma da na yi shiru a wurin, da ba a tashi da Fatiha ba."

Na ce to yanzu ya koma ya faɗa musu, ko ya bar ni in tafi Maradi ko Damagaram in yi karatuna, wa zai sani. Ya ce ba abin da ke ɓoyuwa a kara. Ya ce mutanen nan suna miƙa mishi igiyar saniya su tafi sallah, ba shaida ba komai, don sun san in ya ce abu haka yake. In suka ji ya kai su ga Fatiha a kan ƙarya, ko ya rantse ya janye, ba mai sake miƙa mishi ko akuya, kuma da wannan muke ci a gidan nan, ni da ƙannena.

"Baba, to ni fa?"

Ya zuba shayin a kofi, ya mayar cikin buta, ya sake zubawa. Sai a lokacin ya dube ni, karo na farko tun ranar ofishin majo.

"Ke ɗiyata ce," ya ce. "Ke za ki yafe ni. Su kuwa ba dole ba ne."

An yi konkur ba da ni ba. 'Yan ajinmu biyu sun ci, ɗaya ma ni nake yi mata bayanin zagayawar jini a bayan aji. Ta zo yi mini sallama, na ce a ce mata ina barci. Baba ya ce in zaɓi duk karatun da nake so ban da wannan, zai tsaya mini. Ban zaɓa ba tukuna. Ina gida, ina taya Inna aiki, wani lokaci in ajiye ludayi in rasa me na zo yi. Yaron ban sake ganinsa ba. Na ji wani baƙo a zaure yana cewa an yi mishi takalmi mai ƙarfe a Maradi, ban iya tsayawa na ji ƙarshen maganar ba.

Tanti tana nan a wurin aikinta. Ranar Juma'a takan zo gidanmu kamar yadda ta saba, su zauna da Inna suna hira suna dariya. Inna ta kira ni in kawo wa Tantina ruwa. In kawo, in durƙusa in gaishe ta, ta ce, "Ɗiyata, kin rame, ba kya cin abinci ne?" In ce ina ci. Har yau a gidan nan ba wanda ya tambaye ni ko na yafe.